Fanka Uku da Firizar Hajiya Inno

Ku da kuke tsayawa a bakin shagona, waya a hannu, kuna cewa in koya muku haɗa kwamfuta kafin sallah, sannunku da himma. Na san kun kalli bidiyo. Na san a ciki wani mutum mai tsabtar farce ya haɗa inji sukutum kafin shayinsa ya huce, ya danna maɓalli, fitilu suka kama kamar gidan biki. Abin da bai nuna muku ba shi ne bangon ɗakinsa, inda wuta ke zaune kullum kamar 'yar gida, ba ta fushi, ba ta tafiya ganin dangi. Mu nan Sabon Birni a wurin rana muke roƙon tamu, mu tara a batir, mu riƙa tsakura kamar man shanu a miyar gidan yawa. Don haka ku ja benci. Za ni ba ku labarin wani kati mai fanka uku da ya kusa kashe firizar Hajiya Inno a tsakiyar azumi. Wanda ya ji shi har ƙarshe kuma yana nan yana son sana'ar, sai mu yi magana.

Kuna ce mini Anti Balki, wasunku har da rusunawa, alhali tsakanina da babbanku bai wuce 'yan shekaru ba. Ba komai, na karɓa. A sana'ar nan da wuri ake tsufa, domin abin da ka koya bana, baɗi war haka ya zama tatsuniya.

Aikin farko da aka ba ni a shagon Kawu Sani, a Isa, babu ruwansa da allo ko maɓalli. Kawu ƙanen mahaifiyata ne. Ya fara da gyaran rediyo, ya bi ta talabijin, ya ƙare a kwamfuta, ni kuma na zo masa daga makaranta a Sakkwato don in koyi aikin hannu. Ya ɗauko wasu akwatuna biyu na ƙarfe, ya ɗora mini ɗaya a kowane tafi. Fawa-fak ke nan, akwatin da ke karɓar wuta daga bango ya raba wa kowane sashe na inji gwargwadon cikinsa. Rubutun jikinsu iri ɗaya, alkawarin ƙarfi iri ɗaya.

"Wanne ya hi nauyi?" in ji Kawu.

Na ce na dama.

"To na hagun ga, buɗe shi."

Na buɗe. Ciki fili fetal, sai 'yan wayoyi sirara kamar gashin masara.

"Abin da anka rubuta ga kwali, mai son ki saya shi ya rubuta," ya ce. "Ke dai ɗauki ki ji."

Har yau haka nake yi, masu kawo aiki su yi ta kallona kamar mai awon tumatir. Tun da na fara sana'ar nan ba a taɓa samun wanda ya shigo ya ce, Anti, a zaɓa mini fawa-fak mai kyau ba. Ba shi da fuska, ba a yin hoto da shi, ba a nuna wa aboki. Amma ranar da marar nauyin nan ya gaji da duniya, ba ya tafiya shi kaɗai, sai ya ja maƙwabtansa.

Ni na koya wa Kawu sa manhaja, shi ya koya mini sauraro. Lafiyayyen inji yana da ɗan gunaguninsa a hankali, kamar amya can nesa a kan gawo. Mai ciwo yakan yi tari, ko ya yi ƙara kamar an taka wutsiyar mage, ko ya yi shirun da ya fi kowace ƙara muni. Kayan aikina kuwa, ga su nan kuna gani, ba abin da zai burge budurwa: sukudireba mai maganaɗisu a baki, mitar awon wuta, tsohon buroshin haƙori, ɗan bututun man da ake shafa wa furosesa, ƙwaƙwalwar inji, don zafinta ya fita, da kwanon sha da nake zuba sukurori. Kwanon nan ya fi wasunku amfani, domin bai taɓa ce mini ya riga ya sani ba.

Wani malamin firamare daga Kamarawa ya taɓa kawo mini kwamfutarsa ta cinya a naɗe cikin sallaya, fuskarsa kamar mai rakiyar gawa. Ya ce in ya kunna ta yakan je ya yi alwala ya dawo, ya tarar tana nan tana tunani. Ya riga ya yanke shawarar sayar da tunkiya ya sayi sabuwa. Na buɗe, na cire tsohon faifan ajiya mai juyi, na sa irin sabon nan marar juyi da ake kira es-es-di, na ƙara mata ram, wato teburin da inji ke baza aikinsa a kai. Ya kunna, ta buɗe ido kafin ya gyara zama. Sai ya juya ta yana duba ƙasanta, yana neman tabon da ɗansa ya yi mata da ƙusa, don ya tabbata ban musanya masa ba. Tunkiya ta ci gaba da kiwonta. Rabin sana'ar ke nan: ka gano gaɓar da ke ɗingishi ka gyara ita kaɗai. Amma wannan ba ya shiga bidiyo, don babu fitila a ciki.

Wani kuma daga Gangara, saurayi mai ƙarfin hannu, ya sayo ram ta wani zamani daban da na injinsa. Kowace ram tana da ɗan tsagi a ƙasa, an yi shi musamman don kada ta shiga inda ba gidanta ba. Da ta ƙi shiga, bawan Allah bai karaya ba. Ya ari zarto wajen maƙeri ya buɗe mata sabon tsagi. Ta shiga kuwa. Ya zo mini da injin yana warin ƙonanniyar roba, yana cewa shi dai bai yi masa komai ba. Duk mai kawo aiki bai yi komai ba. Injinan ƙasar nan da kansu suke tashi su ƙone don su ɓata wa masu su suna.

Yawancin kayanmu ta Maraɗi suke shigowa, na hannu, waɗanda suka gama bauta a ofisoshin wasu ƙasashe suka zo nan yin ritaya. Sukan zo suna jin Faransanci, sai an zauna an lallashe su su koma yaren da mai su zai gane. Ban taɓa raina su ba. Tsohon injin ofis ya san wahala, ba ya da ci, in ka ƙara masa abu biyu zuwa uku zai yi wa gida aiki, ya yi wa yara wasa, bai nemi a gode masa ba.

Sai shekarar nan da kowa ya sani ta zo, lokacin na riga na buɗe shagona a nan. Saboda halin tsaro aka datse layukan waya, aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da mai a jarka. Janaretocin gari suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya, har mutum ya fara jin kukan kurciya da tsakar rana. Mai son yin waya sai ya nufi wajen iyaka yana ɗaga hannu sama, yana farautar sabis ɗin Nijar. Wasannin nan masu tsada da ba sa buɗewa sai sun gaisa da iyayen gidansu ta intanet, duk suka zama hoto a allo. Manyan injinan da ake taƙama da su suka koma abin ɗora buta. Ni da na karanta kwamfuta na koma gyaran tocila da rediyo, wato na isa daidai inda Kawu ya fara. Da na aika masa da labari ta bakin direba, sai ya aiko a ce mini yana taya ni murnar ƙarin girma.

A shekarar nan abu ɗaya ne bai yi shiru ba a unguwarmu, firizar Hajiya Inno. Gidanta na bayan shagona. Wani ƙanenta ɗan kasuwa ne ya kawo mata firizar tun kafin abin ya ɓaci, tare da farantan sola, da batira, da inbata, wato na'urar da ke mai da wutar batir irin ta bango. Tana ƙulla ruwa a leda ya daskare, tana yin zoɓo da kunun aya. Babban ɗanta Lawali, mai ɗaukar kaya tsakanin nan da Nijar, hanya ta rufe masa, ya dawo gida ya zauna. Firizar nan ita ta riƙe gidan, ita ta sa tukunya ba ta huce ba. Daga shekarar na canza tambayata ta farko. Da nakan ce, wane wasa kake son yi? Yanzu nakan ce, wa kuma ke ci daga batirinku?

Da hanya ta ɗan buɗe, Lawali ya samu abin hannu, ya zo ya ce yana son ya buɗe wurin wasan ƙwallo na kwamfuta a zauren gidansu. Na bi shi na duba inbatar gidan. Ƙarama ce, mai haƙuri, tana ɗauke da firiza da fankar ɗaki da ƙwan fitila, da ɗan sarari kaɗan a sama. A cikin ɗan sararin nan na gina masa inji. Allon ciki da komai ke hawa kansa, da furosesa, duk na hannu masu lafiya, ram guda biyu don su yi aiki kafaɗa da kafaɗa, es-es-di, fawa-fak mai nauyi, sai ƙaramin katin hoto, wanda shi ke zana abin da ake gani a wasa. Na zaɓi irin wanda ba ya neman wata wayar wuta ta daban, abin da allon cikin ya ba shi ya ishe shi. Na kunna. 'Yan ƙwallo suka fito suna gudu sumul, ba tsayawa, ba sarƙewa.

Lawali bai kalli wasan ba. Cikin akwatin ya leƙa.

"Anti, shi ke nan? Wanga ɗan abu kamar biskit shi na katin?"

"Shi na."

"Fanka guda? Kuma ba ya ko haske?"

"Kana son kati ko kana son tocila? In tocila ta, akwai su nan, na ƙware."

Ya ɗauka ya tafi, amma tafiyar wanda aka ba kunu alhali ya sa rai da nama.

Ana saura kaɗan a ga watan azumi sai ga shi ya dawo daga Maraɗi da kwali a kafaɗa, abokai biyu na biye da shi kamar masu kai lefe. Ya buɗe a kan teburina. Kati ne tsawon damtse, fanka uku a jere, da fitilu masu canza launi. Ga sabon akwati mai gefen gilashi don a riƙa ganin ciki. Ga kuma fawa-fak da mai kayan ya ba shi kyauta.

"Kado na, Anti. Bai amshi ko sisi ba."

Na ɗauki kadon. Na tabbata mai kayan bai yi asara ba, domin gwangwanin madara da aka shanye ya fi shi nauyi. Na juya katin. Kawunan sukurorinsa sun cinye, bayansa ya yi launin gasasshen burodi, da na kai hanci na ji warin abin da ya shekara yana aiki ba a bar shi ya huta ba.

Na ce, "Lawali, wanga kati ya riga ya yi rayuwa tai. Kuma ko sabo na, shi kaɗai ya hi firizar Inna cin wuta. Inbatarku ba ta ɗaukar su tare. Ba ni sa shi."

Ya dubi abokansa ya yi 'yar dariya. "Anti tsoro take ji. Ba ta saba da manyan kaya ba."

"Awo. Ni da ƙanana muka saba, su ne ba su kai ni ƙara."

Ya kwashi kayansa. Ya je ya kalli bidiyo, irin wanda kuka kalla, ya kwashe kayan injin ya mayar cikin akwatin gilashi, ya cire ƙaramin kati da fawa-fak ɗina ya jefa a kwali ƙarƙashin benci, ya sa nasa. Kuma ku ji da kyau, daidai ya haɗa. Ko waya ɗaya bai kuskure ba. Shi ya sa nake ce muku haɗawa ba ita ce sana'ar ba. Haɗawa ko ɗan akuya zai iya in an ba shi yatsu.

Azumin shekarar a tsakiyar bazara ya faɗo, irin zafin da ko inuwa neman inuwa take. A irin wannan wata mai ƙanƙara sarauniya ce. Tun la'asar ake layi a ƙofar Hajiya da kuloli da kwanoni, kuma abin da ta samu a watan shi ke kai gidan har kaka. Su kuma samari, daga an sauko azahar ba su da abin kashe yini sai zauren Lawali. Wato daidai lokacin da rana ke zuba wuta a faranti don ruwan Hajiya ya daskare, lokacin ne fanka uku ke buɗe baki. Inbata ta yi ta kuka, ta ɗauke. Lawali ya shiga ya danna ta, ta dawo. Firiza ta yunƙura za ta tashi, wuta ta sake ɗaukewa. Haka ake yi har la'asar.

Za ku ce, to uwar ta ce ya kashe mana. Ashe ba ku san gidajenku ba. Lawali ɗan fari ne. Tun ranar da aka raɗa masa suna Hajiya ba ta taɓa furta shi ba, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta yabonsa, ba ta yi masa faɗa a fili. In dole ta ambace shi, sai ta ce wancan na zaure. Iyakar abin da ta iya shi ne ta tsaya a tsakar gida ta gaya wa bango cewa akwai abin da ke cin wuta a gidan nan. Lawali kuwa ya goyi bayan bango, ya ce lallai batiran sun tsufa.

Wani hantsi sai ga ta a shagona, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta fito da leda daga mayafi ta ajiye a kan teburi, ledar ta baje.

"Ɗiyata, taɓa ki ji."

"Ruwa na, Inna."

"A'a, ƙanƙara ta. Haka nan nika kiran ta ga masu saye, su kuma su kira ni abin da sunka ga dama."

Ta zauna a bencin nan da kuke kai. Ta ce masu kuloli sun fara wucewa gaba, amma ba wannan ya kawo ta ba. Firizar ce ta koyi wani sabon kuka. Sai ta yi ƙas, ta yi shiru, can kuma ta sake yin ƙas. Na san kukan. Kwamfuresa ce, zuciyar firiza, take yunƙurin tashi ana shaƙe ta. In ta ƙone, babu irinta a garin nan, sai an ɗora firizar a mota zuwa Sakkwato a kan hanyar da kowa ke addu'a kafin ya hau, kuma kafin ta dawo an sha ruwan sallah an manta.

"Inna, ki ce ma Lawali shi kashe abin ga yau."

Ta kau da kai kamar na yi ashar. "In ce ma wa? Ni ban da magana da wancan na zaure. Ke kinka san harshen abin." Ta murza bakin mayafi. "Amma ki ji. Tun da hanya tar ruhe ban ga ya kama abin da mutane ka zowa wuri nai ba sai wanga. Kada ki kunyata shi gaban abokai nai. Kuma kada firizata ta mutu."

Aiki mai sauƙi ke nan, irin wanda ake koya kafin sallah.

Bayan azahar na shiga zauren. Samari cike, leɓuna a bushe, ido a allo. A kan teburi ga akwatin gilashi yana canza launi, ja, shuɗi, kore, fankoki uku na juyi kamar 'yan mata a dandali. Gaskiya abin ya yi kyau. Har ni sai da na ɗan tsaya.

"Anti ta zo ganin manyan kaya," in ji wani dogo da ke riƙe da abin wasa.

"Ku matsa mata ta gani, ko ta ƙaru," in ji na kusa da shi.

Dogon ya yanke 'yan baya, ya fuskanci mai tsaron gida. Sai wasu korayen layuka suka tsaga allon, inbata ta ƙwala ƙara daga cikin gida, komai ya mutu.

"Wallahi ci na! Kowa ya gani!"

"Ci a ina? Mu duhu munka gani."

"Lawali, je ka taɓo ta mana!"

Kafin ya tashi na riga shi shiga. Na wuce inbatar na nufi firiza, na kai hannu bayanta. Kwamfuresar ta yi zafin da za a iya toya ƙwai. Na zare wayarta daga bango don ta huta, na tsaya a gaban inbatar. Lawali ya shigo ya same ni a nan, daidai ƙofar ɗakin Hajiya. Ita tana ciki, ta ba mu baya, tana goge kwanonin jerenta da ke cikin kabet, waɗanda ba su da ko ɗigon datti.

Na rage murya. "Taɓa nan."

Ya taɓa, ya janye hannu da sauri.

"In ka sake danna inbatar ga da katin can a kunne, ba ni ce maka yau ko gobe ba, amma firizar ga ba ta ganin sallah. Kuma korayen layukan da ka gani, katinka na ke sallama da kai."

Ya dubi firizar. Ya san abin da ta yi wa gidan, a cikinsa yake. Da ya yi magana, muryar ba irin ta zaure ba ce.

"Anti, in na cire shi yaran ga watsewa za su yi. Akwai mai irin wasan ga bakin kasuwa, kujeru nai sun hi nawa. Don fankokin ga suka zowa nan. Har daga Unguwar Lalle wasu sunka zo kallo."

Gaskiya ya faɗa. Na san wuta, na san zafi, amma ban san yadda ake auna abin da ke kawo samari zaure ba.

Sai Hajiya ta yi magana, ba da shi ba, ba da ni ba, da kwanon da ke hannunta.

"Kwanonin ga, tun da anka jera min su ba a taɓa cin tuwo ciki ba. Wanda aka ci ciki shina madahi, baƙi ƙirin, ba mai kallo nai. Kuma ban ji wadda tac ce ban da kwano ba." Ta mayar da shi mazauninsa, ta gyara masa zama. "Ɗiyata, shi abin ga mai hura iska da walƙiya, dole sai ya yi aikin kahin a gane shi?"

Na buɗe baki za ni ce dole, sai na gane inda ta dosa: na ado daban, mai aiki daban.

Aka ce wa samari inji zai je duba lafiya, abin da ba ƙarya ba ne. Da safe na kwance babban katin a kan teburin nan. Fankoki da fitilun duk a jikin wata riga ta roba suke, sukurori kaɗan ke riƙe da ita. Da na ɗaga rigar na ga abin da ke ƙasa: man ya bushe ya tsattsage kamar fadama a watan bazara, gefe guda ya yi baƙi. Na ajiye gawar a gefe. Na mayar da fawa-fak mai nauyi, na mayar da ɗan biskit ɗina a raminsa. Sannan na ɗauki rigar nan mai fanka uku, na yi mata 'yar madogara da guntun ƙarfe, na kafa ta a bayan gilashi daidai gaban ƙaramin katin, na ja mata wuta kai tsaye daga fawa-fak. Fankoki uku da fitilunsu ba su kai ƙwan ɗaki ci ba. Kuma ba zaman banza suke ba, iskarsu a kan ƙaramin katin take sauka, shi da bai taɓa mafarkin masu yi masa fifita har uku ba. A cikin wasan na rage kyan ciyawar fili da inuwar 'yan kallo. Har yau ba wanda ya zo ya kai ƙarar ciyawa.

Da azahar muka mayar da injin. Na shiga ciki na sa wayar firiza, na durƙusa na kara kunne. Ta yi ƙas. Sai gunagunin nan ya biyo, a hankali, ya miƙe bai yanke ba. Na ɗaga murya na ce Lawali ya kunna. Daga zaure na ji ihun samari, fitilu sun kama. Inbata ko tari ba ta yi ba. Hajiya na tsaye a ƙofar ɗaki tana kallon sama kamar mai duba hadari, kamar abin da ake yi bai shafe ta ba.

"Kai, Lawali, yau injin ya ƙara ƙarhi!" Muryar dogon nan ce. "Na ce maku manyan kaya daban su ke!"

Washegari da la'asar Hajiya ta sake zuwa shagona. Ta fito da leda daga mayafi ta sake ta a kan teburi. Ta faɗi da ƙara kamar dutse, sukurorin cikin kwano suka yi tsalle.

"Wagga hwa, mi ta?"

"Ƙanƙara ta, Inna."

"To." Ta juya za ta tafi, sai ta tsaya. "Wancan na zaure, abin nai na tahiya?"

"Shina tahiya."

Sai ta sake sa hannu a mayafi ta fito da wani abu a ninke. Rigar saƙa ce, fara da ruwan hoda, da tuntaye a gefe, irin wadda take yi wa rediyonta da duk wani abu mai daraja a ɗakinta. Daidai girman akwatin gilashi, ba ƙari ba ragi. Ban san yaushe ta shiga zauren ta auna ba, kuma ban tambaya ba.

"Ki ba shi. Kada ki ce ni."

Na duba rigar. Babu ko kafar da iska za ta bi. In aka lulluɓa wa inji ita yana aiki, kafin la'asar zai dahu, fanka uku ko talatin. Muka yi ciniki mai tsawo, ni da ita, a kan ƙa'ida guda: sai an kashe inji ya huce ake sa masa riga. Ta yarda da kyar, tana cewa abu mai kyau bai kamata ya zauna tsirara ba.

Har yanzu samari na zuwa daga ƙauyuka su ce in haɗa musu irin na Lawali, mai ƙarfin nan, mai fanka uku. Nakan gaya musu gaskiya tsaf, cewa ɗan ƙaramin da ke ɓoye a baya shi ke aikin. Sai su yi murmushi su kalli juna, wato Anti ba ta son fitar da sirri.

To ga darasinku na farko, kuma ba ya bukatar sukudireba. Ku zaga bayan shago ku yi sallama a gidan Hajiya. Za ku wuce ta zaure, in da safe ne za ku ga wani abu a kan teburi sanye da rigar saƙa mai tuntaye, kada ku yi dariya, kada ku tambayi wa ya saƙa. Ku shiga ciki ku durƙusa a bayan firiza, ku kara kunne. Wanda ya dawo ya iya gaya mini abin da ya ji, shi za ni miƙa wa kwanon sukurori.